Ƙarar Da Ta Haɗiye Maganar Abokina

A Aboabo aka haife ni, cikin Kumasi, a shekarar 1968. Duk wanda ya san unguwar ya san filin jirgi ba shi da nisa da mu, don haka tun ina ƙarami kunnena ya saba da ƙarar jirgin sama. In muna makarantar allo muka jiyo ta, sai kawunanmu su ɗaga gaba ɗaya, Malam kuma ya sauke su da bulala. Babana fataucin goro yake yi, Mma tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Kakana na wajen uba kuwa tsohon soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Da yamma yakan tara mu ya ba mu labarin yadda ake jefo musu abinci daga sama a tsakiyar kurmi, da matsattsakun da ke shiga takalmi, da yadda Hausa ce harshen bariki a zamaninsu. Sai da na manyanta na lura da wani abu. Labarin abinci da ruwan sama kawai tsohon yake bayarwa. Har ya koma ga Allah bai taɓa ambaton mutum ɗaya da ya mutu a gabansa ba.

Na shiga soja a 1989, Mma tana kuka, Baba ya ce a bar ni, jini ne. A wajen horon kurata na haɗu da abokina. Ba zan faɗi sunansa ba. Ɗan Nima ne, daga Ankara, wato Accra kamar yadda mu Hausawan Gana muke kiranta. Mu biyu ne muke neman wurin sallah a ɗakinmu, to daga nan muka ƙulle. Shi yana ce mini ɗan goro, ni ina ce masa ɗan bakin teku. Tare muka je Labanon, tare muka dawo, ni na yi masa abokin ango. A farkon shekarar 2000 sunanmu ya sake fitowa tare, wannan karon zuwa Saliyo, ƙarƙashin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Matarsa na da ƙaramin ciki lokacin.

A Kenema aka ajiye bataliyarmu, gabashin ƙasar. Ba mu daɗe ba al'amura suka dagule. A watan Mayu 'yan tawayen RUF suka kama sojojin Majalisa kusan 500, sojojin Birtaniya suka sauka Lungi, filin jirgin saman Freetown babban birnin ƙasar, damina kuma ta kankama. Daminar Saliyo ba irin tamu ba ce. Ruwa yakan kwana ya wuni bai ɗauke ba, hanya ta zama kunu, inda ba ta lalace ba kuma akwai masu bindiga suna jira. Daga Freetown zuwa inda muke tafiyar kusan kilomita 300 ce a mota. Saboda haka shinkafa, man dizal, magani, wasiƙun gida, kusan komai ta sama yake zuwa mana.

Ranar da na fara ganin Mi-26 ban manta ta ba. Na san jirgi mai saukar ungulu, na shiga ƙananan a Labanon, amma wannan wani abu ne daban. Kafin ka gan shi ƙirjinka ne ke fara jin sa. Ƙasa ta ɗauki rawa, kwanon shayi ya soma tafiya da kansa a kan benci. Can sai ya ɓullo ta saman itatuwa, fari fat, da baƙaƙen haruffa biyu a cikinsa. Ƙirar Rasha ne, kuma a cikin jiragen saukar ungulu da ake ƙerawa don aiki babu wanda ya kai shi. Farfelarsa ta sama fuka-fuki takwas gare ta, faɗin da'irarta mita 32. Ƙaramar farfelar wutsiyarsa kaɗai ta yi girman babbar farfelar wasu ƙananan jirage. Yana ɗaukar tan 20, ko sojoji sama da 80 da kayansu. In ya sauka ya buɗe ƙofar baya, mota ce ke fitowa da ƙafafunta. Mu 'yan Zango, wato unguwannin Hausawa a Gana, muka raɗa masa suna Giwa, har waɗanda ba sa jin Hausa suka ɗauka.

An saka ni cikin masu karɓar kaya a filin sauka, aikin da na yi alfahari da shi ƙwarai. Abin da ba ya shiga ciki, kamar kwantena ko babban janareta, a ƙasan jirgin ake rataye shi da igiyar ƙarfe. Mu ne muke tsayawa a ƙarƙashi. Iskar da farfelar ke turowa takan kayar da ƙato, ta cire tanti da turakunsa, ta mayar da tsakuwa harsashi. Darasin farko da aka koya mana shi ne kada ka taɓa ƙugiya da hannu kafin a taɓa ta da sandar da aka jona da ƙasa, domin jirgin yana tara wuta a jikinsa yayin tafiya, in ta bi ta jikinka sai ta yar da kai. An ba mu abin toshe kunne. Kullum a aljihu nawa yake kwana, wai don in ji umarnin samanja. Ƙuruciya ce, da jin kai namiji.

Duk da haka ƙarar Giwa ita ce waƙar da muka fi so. In mun jiyo ta, to an kawo abinci, an kawo wasiƙa. Abokina yakan rugo filin ya tsaya nesa yana yi mini alama da hannu, akwai tawa? A cikin Giwa aka kawo wasiƙar da ta gaya masa an haifa masa ɗa namiji. Ranar ya saya wa kowa lemo.

A tsakiyar watan Yuli aka yi babban shirin kuɓutar da sojojin Indiya sama da 200 da 'yan tawaye suka yi wa ƙawanya a Kailahun fiye da wata biyu. Kwanakin nan sama ba ta huta ba. Ga Mi-26, ga Mi-8, ga Chinook guda biyu na Birtaniya, mai farfela biyu gaba da baya, wanda ƙararsa ke fita kamar ana bugun tabarma. An tura wasu daga cikin sojojinmu su riƙe hanya, abokina yana ciki, ni aka bar ni a filin sauka. Aikin ya yi nasara. Ya dawo jiƙe sharkaf, ƙafafunsa sun yi fari saboda kwana cikin ruwa, amma yana dariya.

Bayan kamar mako biyu ya same ni da dare ya ce, "Ɗan goro, taɓa jikina."

Kamar garwashi. Na ce mu je wurin likita. Ya riƙe mini hannu ya ce in rufa masa asiri. A lokacin akwai maganar da ke yawo tsakaninmu, cewa in ciwonka ya yi tsanani gida za a mayar da kai, alawus ɗinka ya tsaya. Ga shi yankin Kenema ya yi suna da zazzaɓin Lassa, kowa na tsoron a killace shi. Shi kuma ya riga ya zuba harsashin ɗaki biyu da yake so ya gina wa mahaifiyarsa, ya fitar da ita daga gidan haya, kuma da kuɗin wannan tafiya yake lissafin rufi. Ya kuma faɗa mini ya daɗe da daina shan ƙwayar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba mana, wai tana sa shi munanan mafarkai. Ya ce, "Zazzaɓi ne kawai. Wane ɗan Nima ne bai san zazzaɓi ba? Kwana biyu zai sake ni."

Na yarda. Wannan kalma ce ta fi kowace nauyi a labarin nan. Ba a tilasta ni ba, ba a yaudare ni ba. Na ga idonsa, na tuna harsashin gininsa, na ce to. Na nemo farasitamol. Na dafa masa ganyen darbejiya yadda Mma ke yi mana. Na karɓi gadinsa na dare a kan nawa, in an yi kiran suna in tsaya a gabansa don kada a ga yana rawar sanyi. A zuciyata ina ganin amana nake riƙewa. Kwana huɗu muka yi haka.

Daren na biyar ya fara sambatu, yana kiran mahaifiyarsa, yana cewa a kawar da tukunyar daga wuta. Fitsarinsa ya yi baƙi kamar shayin da ba madara. Kafin asuba ya sandare yana fizge-fizge. Da muka kai shi, likitan ya dube ni ya ce, "Yaushe ya fara?" Na ce, "Jiya, ranka ya daɗe." Ƙarya ta biyu ke nan. Likitan ya daɗe yana kallona, bai ce komai ba, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Sun yi iya ƙoƙarinsu, sun sa masa ƙarin ruwa da magani, suka ce zazzaɓin ya hau masa kai, dole a kai shi babban asibiti a Freetown.

Hadari ya rufe garin tun safe, ƙaramin jirgin da aka nema bai samu tasowa ba. Akwai Giwa ɗaya da ta kawo mai da yammacin jiya ta kwana a wurinmu. Wajen azahar sama ta ɗan buɗe, matuƙan suka ce za su tashi, a kawo shi. Aka ce mutum ɗaya ya raka ma'aikacin jinya. Ban jira a zaɓa ba.

Sau da yawa na shiga cikin Giwa ina sauke kaya, amma ban taɓa ganin girmanta ba sai ranar. Babu komai a ciki sai gangunan da aka juye, an ɗaure su a gefe. Wuri kamar ƙaramin masallacin unguwa, ga gadon mara lafiya ɗaya tal a tsakiya, an ɗaure shi da ƙasa. Aka rufe ƙofar baya, haske ya ragu, warin kananzir ya cika ko'ina. Da injunan biyu suka tashi, haƙorana suka fara kaɗawa da kansu. A cikin jirgin nan ba a magana. Ko ka yi ihu a kunnen mutum, rabi yake ji. Da hannu ake komai. Na durƙusa a gefensa ina riƙe da ledar ƙarin ruwa, ruwan yana rawa a ciki.

Mun yi kamar rabin tafiya sai ya buɗe ido. Ba idon sambatu ba, idonsa na gaskiya, ya gane ni. Ya kamo wuyan rigata ya jawo ni. Leɓensa na motsi. Na cire abin kunnen, wanda ranar ce kaɗai na saka, na ɗora kunnena a bakinsa. Ina jin ɗumin numfashinsa, ina jin leɓen yana taɓa fatata, amma ban ji ko harafi ɗaya ba. Na ɗago na ce, "Me ka ce?" Ni kaina ban ji muryata ba. Ya sake, ya sake, har sau uku. Magana ce mai ɗan tsawo, ba kalma ɗaya ba. Daga nan na ga abin da ke tafe, na sa bakina a kunnensa ina kwarma kalmar shahada iya ƙarfina. Ko ya ji, ko ya amsa, Allah ne masani. Hannunsa ya saki rigata.

Ma'aikacin jinya ya hau danna masa ƙirji, ya daɗe yana yi, sannan ya zauna dirshan ya dubi agogo. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin, wani Bature mai furfura a gashin baki, ya taso ya cire rigarsa ta sama ya miƙo mini, na lulluɓe masa fuska. Ba mu jin harshen juna, ko da muna ji ma babu amfani. Ta 'yar tagar na hango teku. Da muka sauka aka kashe injin, farfelar ba ta tsaya nan take ba, a hankali take rage gudu, fiffike yana bin fiffike, har ka iya ƙirga su. Sai shiru. A cikin shirun nan na ji tsuntsu yana kuka a waje. Da minti ashirin ya ƙara, da na ji abin da yake son faɗa.

Na ƙarasa wa'adina na dawo gida da alawus ɗina cif. Washegari na hau mota zuwa Nima. Mahaifiyarsa tana zaune a tabarma, matarsa na gefe da jaririn a cinya. Tsohuwar ta ce, "Ɗana, kai ne kake kansa. Ya samu yin kalma?" Na ce, "Ya yi, Mma. Da kunnena na ji." Ta ce, "Alhamdulillahi. Ya bar saƙo?" Na ce, "Ya ce ki yafe masa, a kula da yaron." Na ce ciwon kwana ɗaya ne, bai wahala ba. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka. Kowace Babbar Sallah sai ta aiko mini da soyayyen nama, har ta rasu a 2009. Ban taɓa iya cin naman nan ba, yara nake ba wa. Filin da ya zuba wa harsashi aka sayar. Ni kuwa da kuɗin tafiyar na gina gidan da nake ciki yanzu, wajen Asokore Mampong.

Abin bai fara nan da nan ba. Da farko kunnena na hagu ne ya dinga ƙara kamar an bar rediyo ba tasha, har ya kai ba na ji da shi sosai. Sai barci ya ƙaurace. In na kwanta na ga fanka tana juyawa a sama, sai ƙirjina ya toshe. Na cire fankar ɗakinmu na ce wa matata ta lalace, haka ta yi ta kwana cikin zafin watan Maris shekara da shekaru. Injin niƙa na unguwa, in na zo wucewa sai in canza hanya. Mafarkin kuwa ɗaya ne kullum: leɓe yana motsi, ni ina matsawa, ba na ji. Da asuba in tashi in sa kaki in tafi fareti, takalmi na ƙyalli. Ba wanda ya sani, har ƙarin girma aka yi mini zuwa saje.

Na je wurin malamai, an yi mini rubutu, an yi ruƙiyya, na kuma samu sauƙi gwargwado, ba zan musa ba. Amma abin da nake gaya musu shi ne ina mugun mafarki. Ban gaya wa ko ɗaya abin da na aikata ba. Ta yaya mutum zai warkar da miki alhali an nuna masa gefensa?

Na yi ritaya a 2014, daidai lokacin da dumso ta addabi ƙasa, wuta ta zo ta ɗauke, kowane shago da janaretansa. Ƙara da warin mai dare da rana. Wata rana autana ya ɗaura kwali a tayar kekensa yana zagaya tsakar gida, abin yana tak-tak-tak. Ban san lokacin da na tashi ba. Marin da na yi masa sai da ya faɗi da keken, hancinsa na jini. Yana da shekara tara. Matata ta ɗauke shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Maigida, ni ban san da wa kake faɗa ba, amma ba da yaron nan ba ne." Ta kwashe yara ta tafi gidansu a Ejura. Wata huɗu sai da manya suka sa baki. Na ba da haƙuri, na ce hawan jini ne.

Bayan ritaya na samu aikin gadi a wani sito, na kuma faɗa cikin majalisar tsofaffin sojoji da ke haɗuwa wurin wani mai shayi a Asawase bayan sallar Juma'a. Abin mamaki, hirar jirage ta fi kowace armashi a wurin. Akwai dattijon da ya je Kambodiya a 1992, ya ce can ya fara shiga Giwa, ya yi ta karanta Ayatul Kursiyyu daga tashi har sauka. Wani da ya yi Kongo ya ba da labarin ranar da iskarta ta ɗauke bukkar bayan gida ta bar wani hafsa a tsugune. Sai musu ya kaure, Chinook ko Mi-26? Masu son Chinook su ce ya fi zafin nama, yana sauka inda Giwa ba ta iyawa. Ni kuma in ce a 2002 a Afganistan, da Chinook ɗin Amurka ya lalace a kan dutse, Mi-26 aka yi haya ta ɗauko shi a rataye, to wane ne babba? Sai a kwashe da dariya. Ni ne gwanin ba da labari a majalisar. Labarin sandar wuta, labarin tantin da ya tashi, labarin lemon haihuwa. Shekara goma ina yi, ban taɓa kai labarin cikin jirgin ba. Wata rana ina tsakiyar zuba sai na ji muryar kakana ce ke fita daga bakina.

Ranar Laraba 6 ga Agusta, 2025, ina wurin aiki rediyo ta ce jirgin sojan sama mai saukar ungulu da ya tashi daga Ankara zuwa Obuasi ya ɓace. Zuwa rana aka tabbatar ya faɗi a dajin Adansi, nan jiharmu ta Ashanti, mutum takwas, har da ministan tsaro da ministan muhalli, babu wanda ya fita. Ƙaramin jirgi ne, Z-9, ba irin wanda na sani ba. Na yi musu addu'a kamar kowa. Ranar Juma'a a majalisa ana ta jimami, sai wani ya ce, "Allah sarki, ko Musulmin ciki sun samu yin kalma?" Wani ya amsa, "A cikin wannan ƙara wa zai ji?" Na miƙe zan tafi, ƙafata ta ƙi. A bakin kwata na amayar da shayin.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce. Ita aka kira. Da dare ta auna jinina, ta ajiye abin awon ta ce, "Baba, wannan ba hawan jini ba ne. Tun ina yarinya nake jin ka kana magana cikin barci, kana cewa me ka ce, me ka ce. Wa kake tambaya?" Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗa mata duka, daga ganyen darbejiya har naman Sallah, uwarta tana bakin gado tana ji. Na tambaye ta, da na kai shi ranar farko, da ya rayu? Na so ta ce a'a. Ta ce, "Baba, rai na hannun Allah. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, zazzaɓin nan in an kama shi da wuri yana jin magani. Kwana huɗu suna da yawa." Sai ta ƙara da cewa shi ma babba ne, da bakinsa ya roƙa. Maganarta ta yi zafi, amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na yi gardama, na ce ni ba mahaukaci ba ne, ta ce ba wanda ya ce haka. Likitan ya ce abin da ke damuna sanannen ciwo ne da ke bin wanda ya ga tashin hankali, sojoji da yawa na ɗauke da shi, kuma ana samun sauƙi. Ina zuwa har yanzu. Kunnen hagu dai ya tafi, an ce ba ya dawowa. Yaran Zango da ke shirin tafiya Labanon ko Sudan ta Kudu sukan zo gaishe ni, iyayensu su ce in yi musu nasiha. Da, sai in ce su riƙe sallah su bi na gaba. Yanzu ina ƙara musu da cewa su sha ƙwayarsu, in ta dame su su gaya wa likita ya canza, su toshe kunnensu, kuma in aboki ya ce a rufa masa asirin zazzaɓi, a tona, ko zai yi fushi har ƙarshen tafiya.

Bayan wata biyu na hau mota zuwa Ankara. Matar abokina ta daɗe da yin wani aure. Na je na gaishe ta na ce akwai maganar da nake so in gyara. Ta ce, "Saje, wanda ya tafi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ni kada ka tayar mini. In yaron yana so, ga shi can." Yaron yanzu shekararsa 25, gyaran waya yake yi a Circle, wata babbar mahaɗar hanyoyi a Ankara. Tsayin uban, har yadda yake karkata kai in yana sauraro. Muka zauna a bayan shagonsa bayan la'asar, na faɗa masa kamar yadda na faɗa wa 'yata, ban rage ba. Na ce kalmar da aka gaya maka babanka ya yi, ban ji ta ba. Saƙon da aka ce ya bari, ni na ƙirƙira.

Ya daɗe yana juya ƙaramin sukudireba a hannunsa. Ya ce, "Baba Saje, tun ina yaro Kaka take gaya mini babana ya ce a kula da ni. Da wannan na girma." Na ce na sani. Na ce ka yafe mini. Ya ce, "Ban san abin da zan ce maka yau ba. Ka ba ni lokaci." Na ce ka ɗauka.

Na yi shirin tashi sai ya ce, "Wane irin jirgi ne?" Na faɗa masa. Ya ciro wayarsa ya rubuta, ya juyo mini da ita. Ga Giwa nan, fara, tana shirin tashi a wani fili, ya rage murya gaba ɗaya. Na nuna masa ƙofar baya da muka shiga, na nuna masa daidai inda aka ɗaure gadon, da tagar da na hango teku. Ya ce, "Leɓen nasa, sau nawa ka ce ya motsa?" Na ce sau uku. Ya ce, "Doguwar magana?" Na ce da ɗan tsawo. Ya gyaɗa kai.

Sai ya ce, "Ina so in ji ƙarar. Za ka iya?"

Tafin hannuna ya jiƙe. Na gyara zama a kan bencin, na juya masa kunnena na dama, na ce ya ƙara muryar.